Akwatin kayan awo na ɗaliban kimiyya: kayan sun yi kyau, katin sauya ma'auni ya gaza

Daga cikin kayan karatun da ake sayar wa ɗaliban sakandare masu karanta kimiyya akwai wani ƙaramin akwati na roba da aka tattara kayan awo a cikinsa, aka kuma haɗa shi da katin sauya ma'auni da ɗan littafin bayani. Na daɗe ina koyar da darasin awo da shi, kuma hukuncina a kansa ya rabu biyu. Kayan da ake riƙewa a hannu suna da inganci, kuma an yi tunani wajen zaɓensu, amma takardun da aka sa domin su yi wa ɗalibi jagora ba su kai darajar kayan ba, har ma akwai wuraren da za su iya ɗora shi a kan hanyar kuskure. Ina ba malamai da iyaye shawarar su saye shi, da sharaɗin cewa akwai mai zama da ɗalibin ya cike masa giɓin da katin ya bari.

Idan aka buɗe akwatin za a tarar da rula mai tsawon santimita 30, da ma'aunin kauri irin na Vernier, da silindar awon ruwa ta mililita 250, da ƙaramin sikeli mai aiki da batir wanda ke ɗaukar giram 500, da ma'aunin zafi, da agogon ƙirga daƙiƙa. Akwai kuma dunƙulen ƙarfe guda uku masu fuska shida daidai wa daida, ɗaya na alminiyum, ɗaya na baƙin ƙarfe, ɗaya na jan ƙarfe, kowannensu santimita 2 a kowane gefe, sai kuma wani mazubin roba garai-garai wanda tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk santimita 10 ne. Kowane abu yana da gurbinsa a cikin soson da aka shimfiɗa a akwatin, saboda haka da kallo ɗaya malami zai gane abin da bai dawo ba bayan an tashi daga darasi.

Wannan mazubi na ƙarshe shi ne abin da ya fi komai daraja a wurina, duk da cewa shi ne mafi sauƙin ƙira. Ɗalibi zai auna gefensa da rula ya sami santimita 10, ya ninka 10 sau 10 sau 10 ya sami kubik santimita 1,000, sannan ya cika silinda da ruwa har layin 250 ya juye a ciki sau huɗu, ya ga ruwan ya kawo baki cif. Daga nan babu buƙatar a sa shi haddace cewa lita ɗaya daidai take da kubik santimita 1,000, ko cewa mililita ɗaya ita ce kubik santimita ɗaya, domin gani ya kori ji. Abin da mazubin yake nunawa kuwa shi ne ginshiƙin tsarin awo na mita tun daga asalinsa. Lokacin da Faransa ta kafa tsarin da dokar shekarar 1795, an so tsawo da girman ciki da nauyi su fito daga tushe ɗaya: an ɗauki mita a matsayin kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙarshen duniya na arewa da layin da ya raba duniya biyu, aka fitar da lita daga mita, aka kuma fitar da giram daga nauyin ruwan da zai cika kubik santimita ɗaya. Masana biyu, Delambre da Méchain, sun shafe shekaru daga 1792 zuwa 1798 suna auna nisan da ke tsakanin Dunkirk da Barcelona domin a tabbatar da tsawon mitar. Ɗalibin da ya riƙe wannan mazubi cike da ruwa ya riƙe lita ɗaya da kusan kilogiram ɗaya a lokaci guda, kuma ban san wani bayani na baki da zai zaunar masa da wannan dangantaka kamar yadda nauyin da ya ji a hannunsa zai yi ba.

Sai dai a daidai wannan wuri ne na ga sakacin masu haɗa akwatin na farko. Sikelin da suka saka iyakarsa giram 500, wato ba zai iya ɗaukar mazubin ba idan an cika shi, alhali ɗora lita ɗaya ta ruwa a kan sikeli shi ne gwajin da duk wanda ya ga kayan nan biyu tare zai fara son yi. Dole sai an zagaya: a ɗora silinda babu komai a ciki, a danna maɓallin da ke mayar da sikeli sifiri, a zuba mililita 200, a ga adadin da ke kusa da giram 199.6, sannan a ninka sau biyar. Dabarar tana aiki, har tana buɗe ƙofar bayanin cewa litar ruwa a zafin digiri 20 tana da nauyin kusan giram 998, kuma sai a kusa da digiri 4 take kusantar giram 1,000 sosai. Amma da an sa sikeli mai ɗaukar kilogiram 2, ko da an rage masa ƙwarewa a ƙananan adadi, da darasin ya fi shiga.

Ban da wannan, sikelin yana da kyau. Yana nuna nauyi har zuwa kashi ɗaya cikin goma na giram, kuma idan an sauke abu an sake ɗorawa yana maimaita adadin da ya bayar. Dunƙulen alminiyum yana nuna kusan giram 21.6, na baƙin ƙarfe kusan 63, na jan ƙarfe kusan 71.7, kuma tunda kowannensu kubik santimita 8 ne, ɗalibi yana rabawa ya sami 2.7 da 7.9 da kusan 9.0, waɗanda su ne adadin da littattafan kimiyya ke bayarwa na dansitin waɗannan ƙarafa, wato nauyin kowane kubik santimita ɗaya nasu. Abin da ya kamata malami ya sa wa ido shi ne wani maɓalli da ke gefen na sifiri, wanda ke sauya ma'aunin daga giram zuwa oza. Na ga ɗalibar da yatsanta ya taɓa shi ba ta sani ba, ta ɗora dunƙulen alminiyum, allon ya nuna 0.76, ta rubuta 0.76 a littafinta ba tare da wani ma'auni a gefensa ba, ta ci gaba da lissafi har ta sami ƙarfen da ya kamata a ce yana yawo a saman ruwa. Haruffan da ke nuna ma'auni a kusurwar allon ƙanana ne ƙwarai, kuma wannan aibi ne na ƙira. Duk da haka ban so a cire maɓallin ba, domin yana koyar da abin da manyan injiniyoyi suka koya da asara mai yawa. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter a lokacin da ya isa duniyar Mars, saboda wata manhaja tana ba da ƙarfin tunkuɗar injin a ma'aunin laba, masu lissafin tafiyar kuma suna karanta adadin a matsayin niyuton, wato ma'aunin ƙarfi na tsarin mita, bambancin da ya kai ninki 4.45. A 1983 ma wani jirgin Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai yana sararin sama, domin an lissafa man da aka zuba masa da laba a maimakon kilogiram, sai da matuƙan suka sauke shi babu inji a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli. Adadin da ba a rubuta ma'auninsa ba bai gaya wa kowa komai ba, kuma gara ɗalibi ya gane haka a kan dunƙulen ƙarfe.

Ma'aunin kauri na ƙarfe ne, ba roba ba, kuma wannan zaɓi ne mai kyau, domin bakin na roba yana saurin cinyewa har ya daina haɗuwa a sifiri. Yana auna har milimita 150. Dabarar da ke cikinsa, wadda Bafaranshe Pierre Vernier ya bayyana a 1631, tana da ban sha'awa: an raba milimita 9 gida 10 a kan ƙaramin sashen da ke zamewa, saboda haka kowane gida ya gaza milimita ɗaya da kashi ɗaya cikin goma. Idan sifirin sashen mai zamewa ya wuce layin milimita 12 kaɗan, kuma layinsa na bakwai ne ya daidaita da wani layi na babban sashen, to kaurin abin milimita 12.7 ne, wanda shi ne rabin inci daidai, tunda an tsayar da inci a kan milimita 25.4 tun 1959. An zana layukan da zurfi, ba fenti kawai aka shafa ba, kuma ana iya karanta su ba tare da an matse ido ba. Haɗa wannan ma'auni da silinda a akwati ɗaya yana ba da damar wani darasi da nake ƙauna. Idan aka saka dunƙule ɗaya a cikin ruwan da ke layin 100, ruwan zai hau zuwa 108, amma tunda tazarar layukan silindar mililita 2 ce, kuskuren mililita ɗaya wajen karantawa ya kai kashi 12.5 cikin ɗari na abin da ake aunawa. Ma'aunin kauri kuwa zai ba da milimita 20.0 a kowane gefe, kuskurensa a girman dunƙulen bai fi kashi 1.5 cikin ɗari ba. Ɗalibi ya auna abu ɗaya ta hanya biyu, ya kuma ga dalilin da ya sa ba a rubuta amsa da lambobi shida bayan ɗigo don kawai kwalkuleta ta nuna su. Silindar ta roba ce, ba ta fashewa idan ta faɗi, sai dai lanƙwasar saman ruwan ba ta fitowa sosai kamar yadda take yi a gilashi, kuma ɗan littafin ya yi daidai da ya nuna da zane cewa a sauko da ido daidai da saman ruwan kafin a karanta.

Ma'aunin zafin yana tashi daga digiri 10 ƙasa da sifiri zuwa digiri 110, da jan ruwa a cikinsa maimakon zaiba, wanda ya fi aminci a hannun yara. Agogon yana nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, alhali yatsan mutum yana makara da kusan kashi biyu cikin goma kafin ya danna, don haka lambar ƙarshe ba abin dogaro ba ce. Rular kuwa rula ce, layukanta sun dace da na ma'aunin kauri, ba ni da ƙorafi a kanta.

Katin sauya ma'auni shi ne inda damuwata take, kuma shi ne abin da ɗalibi zai fi yawan dubawa idan yana shi kaɗai. An zana matakala mai hawa bakwai, daga kilo zuwa hekto, deka, ma'aunin asali, desi, santi, har mili, aka ce duk wanda ya sauka hawa ɗaya ya matsar da ɗigo gida ɗaya zuwa dama, wanda ya hau kuma ya matsar da shi hagu. Wannan gaskiya ne ga tsawo da nauyi da lita, kuma yana da saurin haddacewa. Matsalar ita ce katin bai ce uffan ba game da faɗin fili da girman ciki, waɗanda su ne wuraren da ɗalibai suka fi faɗuwa. Ɗalibin da ya saba da matakala, idan aka ce ya mayar da murabba'in mita ɗaya zuwa murabba'in santimita, zai ƙirga hawa biyu ya rubuta 100, alhali amsar 10,000 ce, domin tsawon ya ninku sau 100, faɗin ma ya ninku sau 100. A kubik mita kuwa amsar 1,000,000 ce, wato lita 1,000, ko mazubin da ke cikin akwatin har guda dubu. Abin takaicin shi ne kayan da za su warkar da wannan kuskure suna kwance a akwati ɗaya da katin da ke haifar da shi. Haka nan idan aka zo mayar da dansitin alminiyum daga giram 2.7 a kowane kubik santimita zuwa kilogiram a kowace kubik mita, matakala ba ta da abin cewa, domin ma'auni biyu ne ke sauyawa tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma amsar 2,700 ba ta fitowa ta hanyar ƙirga hawa.

Hanyar da na so a ce an buga a bayan katin ita ce ta ninkawa da kason da darajarsa ɗaya ce, ana soke ma'auni kamar yadda ake soke lambobi. Mota mai gudun kilomita 72 a awa, sai a ninka da mita 1,000 bisa kilomita 1, a sake ninkawa da awa 1 bisa daƙiƙa 3,600. Kilomita ta soke kilomita, awa ta soke awa, abin da ya rage mita 20 ne a daƙiƙa. Alfanun wannan hanya shi ne tana tona kuskure da kanta: idan ɗalibi ya kifa kason, ma'aunin ba zai soku ba, zai ga wani abu marar ma'ana a gabansa ya san ya kauce. Kuma hanya ɗaya ce take aiki ga faɗin fili, da dansiti, da gudu, da mayar da mil zuwa kilomita, inda mil ɗaya yake mita 1,609.344. Ta kuma kare ɗalibi daga ɗaukar lokaci kamar yana tafiya goma-goma, har ya ce awa 1.5 ita ce awa ɗaya da minti 50 maimakon minti 90.

Zaɓin ɗafa-goshin da aka sa a katin, wato irin su kilo da santi da mili, shi ma bai dace da abin da ɗalibin kimiyya ke haɗuwa da shi ba. An ba hekto da deka wuri, alhali ba kasafai suke fitowa a darussan kimiyya ba in ban da hekta, wadda take murabba'in mita 10,000, da hektofaskal na masu hasashen yanayi. An bar maikiro da nano da mega da giga a waje, alhali faɗin jan ƙwayar jini kusan maikiromita 7 zuwa 8 ne, zangon koren haske kuma kusan nanomita 550, kuma ƙarfin tashoshin lantarki da megawat ake faɗarsa. Ba na neman a cika katin da duk ɗafa-goshin da ke akwai, har da ronna da kwetta da aka ƙara a 2022, amma waɗannan huɗu suna cikin darasin kowace shekara. A gefe guda katin ya yi abin yabo a kan zafi: ya nuna cewa daga Salshiyas zuwa kelbin, wato ma'aunin zafi na masana kimiyya, ƙari ake yi na 273.15, ba ninkawa ba, ya kuma ba da misalin digiri 37 na jikin mutum wanda yake 98.6 a Faranhait. Da an ƙara layi ɗaya da ke gargaɗin cewa daga digiri 20 zuwa 40 zafin bai ninku biyu ba, tunda a kelbin daga 293.15 ne zuwa 313.15, ƙarin da bai kai kashi 7 cikin ɗari ba, da an taimaki duk wanda zai yi lissafin dokokin iskar gas.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, saboda haka zan ambaci kurakuran bugu da na gani, domin a wannan fanni ba ƙananan abubuwa ba ne. A jikin akwatin an rubuta Kg da babban harafi, an kuma rubuta gms a wani wuri. Alamar da aka amince da ita kg ce da ƙananan haruffa, babban K na kelbin ne, kuma alamar ma'auni ba ta ɗaukar jam'i. Wanda ya ga wannan a matsayin tsanani ya tuna cewa tsakanin mW (miliwat) da MW (megawat) akwai ninki biliyan ɗaya, kuma girman harafi ne kawai ya raba su. Ɗan littafin ya lissafa ma'aunai bakwai na asali na tsarin SI, wato tsarin awo na ƙasa da ƙasa wanda aka kafa a 1960, kuma ya lissafa su daidai: mita, kilogiram, daƙiƙa, amfiya, kelbin, mol da kandela. Ya kuma faɗi daidai cewa tun 1983 ana fitar da mita daga gudun haske, mita 299,792,458 a daƙiƙa. Amma a kan kilogiram ya tsaya a tsohon bayani, yana cewa nauyin wani dunƙulen filatinam da iridiyum ne da ke ajiye a Sèvres kusa da Paris. Haka abin yake tun 1889, amma daga ranar 20 ga Mayu, 2019, an koma fitar da kilogiram daga adadin Planck, wani adadi na kimiyyar fiziks da ba ya canzawa, wanda aka tsayar da darajarsa, dunƙulen kuma ya daina zama ma'aunin duniya. Littafin da ake sayarwa a yau bai kamata ya bar ɗalibi da bayanin da aka sauya ba.

Abu ɗaya da na rasa a cikin akwatin shi ne ma'auni mai naɗaɗɗiyar waya da ke miƙewa idan an rataya mata abu, wanda ke nuna ƙarfi a niyuton. Ɗan littafin ya taɓo bambancin da ke tsakanin adadin abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, da ƙarfin da ƙasa ke jan jikin da shi, wanda ake aunawa da niyuton, ya kuma ce kilogiram ɗaya yana da jan kusan niyuton 9.8 a doron ƙasa da kusan 1.6 a kan wata. Bayanin daidai ne, amma babu abin da ɗalibi zai rataya dunƙulen jan ƙarfe a jikinsa ya ga allura ta tsaya a kusan niyuton 0.7. Akwai sarari a kusurwar soson da zai ɗauki irin wannan ma'auni ba tare da an ƙara girman akwatin ba, kuma kafin masu haɗa shi su saka, malamin da zai yi aiki da akwatin sai ya nemi ɗaya daban, mai auna har niyuton 10, domin shi ne zai iya ɗaukar mazubin litar cike da ruwa idan an sa shi a jaka mara nauyi, ya nuna adadin da ke dab da 9.8.